Abin da ya tsaya shi ke fita

Yawancinmu hoton gaggawa muka sani: ka ɗaga waya, ƙyas, ka tura a WhatsApp, gobe ka goge don wuri ya cika. Amma akwai wani irin hoto mai son haƙuri. Ana barin idon kyamara a buɗe sakan 10, 20 ko 30, haske na shiga a hankali. Duk abin da ya motsa sai ya zama kamar hayaƙi, ko ya ɓace ɗungum. Abin da ya tsaya cak shi ke fita fes. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar irinsa, baƙi da fari, tsakanin Agye, Gazawa da Gidan Rumji.

Dabarar tsohuwa ce. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki hoton wani babban titi a birnin Faris. Da yake aikin na cin mintoci, kekunan doki da masu wucewa duk ba su fito ba. Wanda aka gani sosai shi ne mutumin da ya tsaya ana goge masa takalmi.

Kar ku ce sai mai kuɗi. Wayoyi da yawa suna da wurin da aka rubuta Pro: ka sauke ISO zuwa 50 ko 100, ka zaɓi sakan nawa kake so. Sharaɗi ɗaya ne, kar wayar ta girgiza. Ni turmi nake kifawa, in tokare ta da duwatsu biyu, in sa ta jira sakan 2 kafin ta fara. Bayan asuba ko dab da magariba hasken ya fi dacewa. Da rana tsaka sai an rage shi, to sai in ɗaure gilashin masu walda a bakin kyamara da roba. Gilashin na mayar da komai kore, amma da ka juya hoton baƙi da fari, koren ya tafi. Ga shi kuma injin fotokofi da ke buga ɗan littafin nan namu ba ruwansa da launi.

Cikin watan Agusta na ɗauki Gulbin Maraɗi kusa da Gidan Rumji, ruwan da ke gudu ya kwanta sumul kamar nono a ƙwarya. A Gazawa da dare, manyan motocin da ke bin kwalta zuwa Tasawa suka zama zare biyu na haske. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na gonar kakana, arewa da Agye, lokacin girbi. Da idona na ga ƙannena uku, da awaki, da amalanke ɗauke da damman gero. A hoton ba ko ɗaya. Gawo ne kawai, tsaye da farin jikinsa.

Da na nuna wa Kaka, sai ya ce: "Jika, wannan gawon ka girme shi da kaɗan." Ya ce bayan yunwar 1984, wadda suke kira El Buhari, kana iya hango mutum daga wani gari don babu icen da zai tare maka ido, kuma iska kan binne shuka da rairayi sai an sake. A shekarun nan ne Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya mai aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, sassabe ne ke hana su tashi. Manoma suka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi, suna datse sauran. A Ɗan Saga har kwamiti aka kafa na tsaron itatuwa. Yau ana ƙiyasta eka-eka sun zama hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Gawo kuwa abokin manomi ne: da damina yake kaɗe ganye, gero ya sha rana, da rani ya yi inuwa, ya ba dabbobi ƴaƴa.

Na tambayi Kaka ko yana da hoton gonar lokacin da take fayau. Dariya ya yi. Duk wannan aiki da suka yi, shaidarsa a bakinsu take, su kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Mu fa? Mu ne masu motsi. Wani yana Kano, wani Agadas, wani ya ƙetara Aljeriya ko Libiya. Ban ga laifin kowa ba, ciki ne ke kora. Sai dai in aka bar idon kyamara buɗe a kan garinmu shekara goma, wa zai fito? Itace na tsada a kasuwa, mai gatari kuma da dare yake zuwa, gonar da ba mai lura ita yake nema.

Ga roƙona, ƴan uwa. Kowa ya zaɓi ice ɗaya a garinsu, gawo, tsamiya ko goriba ta Gulbin Kaba. Ka nemi izinin mai gona, in wajen iyaka ne ka fara gaida maigari, don zamanin nan baƙo da kyamara abin tsoro ne. Ka ɗauke shi daga wuri guda kowace shekara, ka rubuta sunan gari da kwanan wata, ka tambayi tsoho wa ya bar shi ya tashi. Ku kawo mu buga a fitowa ta gaba.