Ƙififiyar Teku a Gaɓar Akodo

Mu mutanen Kafur ruwanmu na sama ne. Ya sauko mu yi shuka, gulbi ya kawo, kaka ta wuce ya janye, har mata su koma tonon yashi da ƙoƙo. Kafin in bar gida, ruwa mafi girma da na sani shi ne dam ɗin Mairuwa na Funtuwa, shi ma kana wannan gaɓa kana hango shanu a waccan. Abin da teku ke aiko mana kuwa bai wuce kifin ƙanƙara na kasuwar Malumfashi ba.

Da muka gama cirar auduga a ƙarshen 2006, kawuna ya ce in bi shi cirani Ikko. A saman buhunan masara muka tafi, ta Birnin Gwari da Tegina da Mokwa. Da muka hau gadar Jebba na ga Kwara, na ce, "Kawu, shi ne tekun?" Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Wannan ai ɗansa ne."

Gadi muka samu, na wani fili da aka zagaye da bulo kusa da Akodo, a yankin Ibeju-Lekki. Lokacin babu komai a wurin sai bishiyoyin kwakwa da bukkokin masunta da manyan kwale-kwale, wasu na mutanen Gana da ke zaune a Orimedu. Girman ruwan bai dame ni kamar rurinsa ba. Ba ya hutawa. Kana salla yana yi, kana cin abinci yana yi, ka farka tsakar dare yana nan. Gishiri ya manne a leɓe, ƙarfen ƙofa ya yi tsatsa, tabarma kullum da danshi. Kawu ya kafa mini doka: ban da jan kaya, ban da zuwa bakin ruwa bayan magariba, don 'yan ruwa ba su san baƙo ba. Na riƙe dokar nan hannu biyu.

Wani dare cikin hunturu, hazo ya rufe wata, ina zagaye da gora da tocila, sai na ji numfashi. Dogo, mai nauyi, irin na wanda aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa. Ya tsaya. Ya sake. Na haska ta kan katanga, na ga wani baƙin abu yana jan ciki a yashi, ya fi ni tsawo. Gwiwoyina suka saki. Na kama Ayatul Kursiyyu, na kai tsakiya ta ɓace mini, na koma farko, ta sake ɓacewa. Da rarrafe na isa wurin kawu.

Ya zo ya leƙa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Kashe fitilar nan, ɗana. Ƙififiya ce. Haihuwa ta zo yi."

Muka tsuguna a bayanta. Ba ta da ƙoƙon baya mai tauri irin na kunkurun da muka sani. Fata ce baƙa mai sulɓi da ɗigon fari, da dogayen layuka masu tudu daga wuya har wutsiya. Da ƙafafun baya take haƙa, ɗaya bayan ɗaya: ta zura wannan, ta naɗe bakinta, ta ɗebo yashi ta ajiye gefe, sannan ta zura waccan. Ba ta ganin ramin, amma ko bango bai rufta ba. Sai ƙwai suka fara zubowa, bibbiyu, uku-uku, farare, jiƙaƙƙu. Warin ƙarni ya cika wurin. Na zagaya ta gaba na ga ruwa mai kauri yana zuba daga idanunta, yashi ya manne a kai. Na ce, "Kawu, kuka take." Ya ce, "Wace uwa ce ba ta yi?"

Ba ta samu komawa ba. Sawunta daga bakin ruwa ya fi faɗin hannuwan mutum a buɗe, kuma samarin ƙauyen sun san lokacin, sukan bi gaɓa da dare suna nema. Da sanduna da igiya suka kifar da ita. Ta yi ta dukan ƙirjinta da manyan hannuwanta, fat, fat, har aka kira asuba a wani masallaci can nesa. Da hantsi an gama fawa. Mata da robobi, yara da ihu, ranar ƙauyen kowa ya ga nama.

An aiko mana da rabonmu na maƙwabtaka, ƙwai a leda da tsoka ja-wur. Gardama ta tashi tsakanin masu gadi, wani ɗan Danja ya rantse haramun ce. Aka tambayi wani malami mai sayar da carbi da turare, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya dabbar teku halas ce. Na ci. Ɓawon ƙwan laushi gare shi, ka danna ya lotsa, kuma duk yadda ka dafa shi farin ba ya daskarewa, sai dai ka zuƙe. Kawu ya ture kwanon. Ya ce halas dai halas, amma shi manomi ne, bai taɓa ganin gidan da aka ci iri aka ga kaka ba. Shi ɗin dai, kafin la'asar, ya sayi kwalba guda ta man ƙififiyar, ya kai gida yana sayar wa tsofaffi masu sanyin ƙashi cokali-cokali.

Abin da ban sani ba a lokacin yana da yawa. Ban san ruwan idon nan gishirin jikinta take fitarwa ba, ko tana cikin teku haka take yi. Sanin bai rage mini komai ba. Ban san irinta ce mafi girma a duk kunkurayen duniya ba, wata takan haura kilo 500, kuma takan ratsa tekun Atlantika ta dawo yankin da aka ƙyanƙyashe ta don ta yi ƙwai. Ƙwan kan yi kamar wata biyu a yashi, zafin yashin ne ke sa 'ya'yan su fito maza ko mata, kuma kaɗan ƙwarai ke kai girma. Abincinta wasu halittu ne masu yauƙi marasa ƙashi, shi ya sa in ta ga leda tana yawo a ruwa sai ta haɗiye. Tun 1985 Nijeriya take da dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa, amma a gaɓar nan ban ji wanda ya ambace ta ba.

Ban ga laifin samarin nan sosai ba. Manyan jiragen kamun kifi suna shigowa kusa da gaɓa da dare, muna ganin fitilunsu, da safe masunta su ja koma su tarar da ɗan abin da bai kai kuɗin man inji ba. Mai yunwa ba a yi masa wa'azin gobe.

Yanzu yankin ya canza. A 2023 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Dangote, gaɓar ta cika da gini da hasken lantarki, alhali 'ya'yan ƙififiya haske suke bi in sun fito daga yashi, sai su juya wa teku baya. Yaran Kafur da Mahuta da Gozaki suna can da yawa, masu gadi da 'yan dako. Duk wanda Allah ya nuna wa irinta a cikinku, ya kashe tocila, ya ja bakinsa ya yi shiru, in ta koma ya ɗauki tsintsiyar kwakwa ya share sawunta.