Daga Gumel zuwa Jidda: Kunnen Matafiyiya

'Yar'uwa, macen da ta saba da kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ga kukan raƙuma ga cinikin shanu, za ta ce babu ƙarar da za ta dame ta. To, ta jirgi daban ce. Gurnani ne ba ya yankewa, wajen awa 5 zuwa ƙasa mai tsarki, bayan gajiyar mota daga Gagarawa ko Sule Tankarkar. A 2014 aka fara ɗaukar alhazai daga filin jirgin Dutse, amma ko daga Kano kika tashi Umra, gurnanin nan na jiranki.

Iyafis mai rage ƙara yana sauraren gurnanin injin, ya fitar da kishiyar sautin ya danne shi. Kukan jariri kam ba ya tare shi sosai. Babban da ke rufe kunne ba ya zama daidai a kan hijabi, ƙaramin da ke shiga ciki ya fi mana. Ki cika masa caji tun daga gida.

Ciwon kunne lokacin sauka daga matsin iska ne: ki haɗiyi yawu, ki ba goyonki nono. Idan Jidda aka nufa, ki cire shi da wuri, kada sanarwar miƙati ta wuce ki.