Tikku, Ibro da Mai Tuwon Bakin Tasha

Duk inda masu son kallo suka haɗu, akwai tambayar da ba ta tsufa: wane ne gwaninka? Wani ya ce Amitabh, wani ya ce Ali Nuhu, wani kuma ya tuna da marigayi Ahmad S. Nuhu a yi masa addu'a. To kwanan baya muna zaune a wajen mai shayi a Samaru, sai wani matashi ɗalibin ABU ya murɗa tambayar, ya ce, "Yaya, a cikin 'yan daudu da makamantansu da aka taɓa nunawa a fim ko a littafi, wa ya fi burge ka?" Wajen ya yi tsit, can kuma aka bushe da dariya. Wani ya ce ai wannan ba tambaya ba ce, neman magana ne. Ni kuwa ban yi dariya ba. Na ce masa, "Tikku." Duk cikinsu babu wanda ya san shi, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta.

Tun kafin in yi nisa, mai karatu, ba fatawa na zo bayarwa ba. Wannan fagen malamai ne, kuma matsayinsu ba ɓoyayye ba ne. Ita ma dokar ƙasa an san ta, tun da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a Janairun 2014. Ni maganar labari na zo yi, da yadda labari yake koya mana kallon mutum. Kuma akwai bashin da nake son in rage.

A Sabon Garin Zariya na tashi, ba nisa da wata tashar mota. A bakin tashar akwai rumfar wani ɗan daudu mai sayar da abinci, tuwon shinkafa da miyar taushe da rana, da dare kuma shinkafa da wake. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da dangi. Dogo ne baƙi, yana ɗaura zani a kan wando idan yana gaban murhu, in ya yi magana sai ya karya wuya ya tafa hannu, "Ni 'yasu!" ba ta barin bakinsa. Direbobi da 'yan kamasho da 'yan dako duk wajensa suke ci, su tsokane shi ya rama, kuma bakinsa ya fi na kowa kaifi. Mu yara an hana mu zama a rumfar. A aike ka ka sayo, ka juyo, shi ke nan.

A 1998 mahaifina ya kwanta ciwo, ciwon da ya ɗauke shi wata bakwai bai fita ba. Abin da aka tara ya ƙare a magani. 'Yan'uwa sun yi iyakar ƙoƙarinsu a watan farko da na biyu, daga nan ƙafa ta ɗauke. Wata rana Umma ta aike ni in sayo tuwon naira goma mu raba mu biyar. Mai tuwo ya dubi kuɗin, ya dube ni, ya ce, "Kai ɗan nan, yaya jikin Malam?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Sauƙin ke nan ake sayen tuwon naira goma a gidan mutum shida?" Ya mayar mini da kuɗin, ya cika wata samira mai murfi, ya ce in kai.

Tun daga ranar, kullum bayan sallar isha'i sai samirar nan ta shigo gidanmu. Shi da kansa ya zaɓi dare, ya ce kada maƙwabta su gani su sa Umma a baki. Aikina ne in mayar da kwanon da sassafe kafin in wuce makaranta, kuma Allah ya sani, a cikin buhu nake ɓoye shi don kada abokaina su gane inda za ni. Ina cin tuwonsa ina jin kunyar a gan ni da shi. Haka muka yi har mahaifina ya miƙe. Da ya je yi masa godiya da 'yan kuɗi a hannu, mai tuwo ya rantse ba zai karɓa ba, ya ce, "Haba Malam, so kake ka kwashe mini ladan?"

A farkon shekarun 2000 fim ɗin Hausa ya cika gari, kowane lungu da shagon haya da gidan kallo. A lokacin ne marigayi Rabilu Musa Ɗanlasan ya fito a "Ibro Ɗan Daudu". A gaskiya Ibro gwani ne, Allah ya jiƙansa, ya rasu a Disambar 2014 amma har yau ba a cike gurbinsa ba. Ya kwaikwayi tafiyar, da maƙe murya, da tafa hannu, har mutum ya riƙe ciki. Mun kalla a gidan kallo mun sha dariya. Washegari muna dawowa daga ƙwallo mu shida, muka biyo ta bakin tasha, sai ɗaya daga cikinmu ya fara rangwaɗa a gaban rumfar yana kwaikwayon abin da muka gani. Saura suka ɗauka. Ni ma na ɗauka, kai, nawa ma ya fi na kowa, domin ni na fi su sanin muryarsa.

Bai zage mu ba, alhali kuwa ya iya zagi. Ya ajiye mara, ya dube ni ni kaɗai, ya ce, "Har da kai, ɗan nan?" Sai ya ci gaba da kwashe tuwonsa, ya ƙara da cewa, "Ka gai da Umma." Abokaina suka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma daga ranar na canja hanya.

Ba Ibro nake ɗora wa laifi ba, laifina ne. Sai dai akwai abin lura. A finafinanmu ɗan daudu iri biyu ne kawai: ko abin dariya, ko kawali mai lalata 'ya'yan mutane. Ba shi da uwa, ba shi da ƙanne da yake biya wa kuɗin makaranta, ba ya ciwo, ba ya sallah, ba ya mutuwa a yi makoki. Yaron da ya tashi yana ganin haka, in ya haɗu da na gaske ba mutum zai gani ba, wasan Ibro zai gani. Alhali kuwa abin ya fi haka faɗi. Masana sun danganta kalmar daudu da Ɗan Galadima na cikin bori, wato abu ne da ya daɗe a ƙasar Hausa. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a 2009 mai suna "Allah Made Us", inda ya nuna ba duka suka taru suka zama ɗaya ba: da yawa sana'ar abinci ce ta riƙe su, wasu da matansu da 'ya'yansu, wasu har sun sauke farali.

A ɓangaren littafi ma an ɗan taɓa. A ƙarshen shekarun 1990 Alkhamees Bature Makwarari ya fitar da "Matsayin Lover", wanda ya taɓo maɗigo tsakanin 'yanmata, ya kuwa sha suka har daga 'yan'uwansa marubuta. A littattafan Turanci na 'yan Nijeriya akwai "Walking with Shadows" na Jude Dibia a 2005, sannan "Under the Udala Trees" na Chinelo Okparanta a 2015. Wannan na biyun na karanta shi ne saboda Amina, yarinya Bahaushiya marainiya da yaƙin basasa ya jefa ƙasar Ibo, ta haɗu da Ijeoma a gidan wani malamin makaranta a Nnewi, shaƙuwarsu ta wuce ƙawance, daga baya Amina ta yi aure ta tafi. Na so Amina, amma na rufe littafin ina jin ban san ta ba, domin da idon Ijeoma kawai muka gan ta. Abin da ke cikin zuciyar Bahaushiyar sai marubucin Hausa ne zai iya faɗa mana.

Shi kuwa Tikku, a 2005 na haɗu da shi, ina ɗalibi, ina haya a Samaru. Na shiga shagon haya neman wani fim ɗin daban, ba a dawo da shi ba, mai shago ya miƙo mini "Tamanna" ya ce in gwada. Fim ne na 1997, na darakta Mahesh Bhatt. Masu kallon Indiya za su tuna shi ne ya yi "Sadak" a 1991, inda Sanjay Dutt, Ɗan Daba Mai Lasin, ya yi artabu da Maharani, mugun magajin gidan karuwai da Sadashiv Amrapurkar ya fito a matsayinsa. Maharani na cikin mutanen da Indiyawa ke kira hijra, waɗanda ba a lissafa su cikin maza ko mata. Ba daidai suke da 'yan daudunmu ba, amma wajen yadda jama'a ke kallonsu akwai kama. To darakta ɗaya ne, shekara shida tsakani, ya sake ɗauko hijra, amma wannan karon ya juya hoton.

Paresh Rawal ne Tikku, wanda muka saba gani a mugu ko ɗan barkwanci. Tikku talaka ne mai yi wa 'yan fim kwalliya a Bombay. Bayan rasuwar mahaifiyarsa ya tsinci jaririya a cikin bola, an yar da ita don kawai mace ce. Ya ɗauka, ya raɗa mata suna Tamanna, ya raine ta tare da taimakon amininsa Salim, wato Manoj Bajpayee. Ya ɓoye mata ko shi wane ne, ya kai ta makarantar kwana, ya yi ta wahala don ta yi karatu. Da ta girma, Pooja Bhatt ke nan, sai wata rana ta gan shi cikin shigar hijra. Ta ƙyamace shi. Mutumin da ya tsamo ta daga bola, ta ji kunyar a ce shi ne ubanta. Daga baya ta gano mahaifinta na jini babban mutum ne, ɗan siyasa mai mutunci a idon duniya, kuma shi ya sa a yar da ita.

Jama'a, da aka zo wajen da ta juya masa baya, kashe kallon na yi. Na zauna a ɗaki ni kaɗai, ba abin da nake ji sai "Har da kai, ɗan nan?" Ba wa'azi fim ɗin ya yi mini ba, bai ce Tikku waliyyi ba ne, yana da fushi, yana da ƙarya, yana da tsoro. Abin da ya yi kawai shi ne ya bar ni na zauna da shi awa biyu a matsayin mutum. Shi ya sa ya zama gwanina.

A ƙarshen makon na hau bas daga Samaru na sauka Sabon Gari. Na tarar da shi ya tsufa, yaransa ne ke tuƙi, shi yana kan benci yana karɓar kuɗi. Na yi sallama na zauna a rumfar da aka hana ni zama, na ce a zubo mini. Duk hanya ina shirya kalaman ban-haƙuri, amma da na buɗe baki sai na ji na ce, "Baba, miyar nan ba ta canja ba." Ya yi murmushi ya ce, "Ɗan jami'a, ashe ana tunawa da mu." Na miƙa kuɗi ya ture hannuna. Ban ba shi haƙuri ba. Na ce sai wani zuwan.

Wani zuwan bai yiwu ba. A 2009 Umma ta bugo mini waya ta ce mai tuwo ya rasu da asuba, mahaifina ya riga ya tafi, in hanzarta. Na je. Mutumin da ya ciyar da tasha guda shekara da shekaru, sahu biyu ne suka sallace shi, su ma ba su cika ba. Direbobin da suka ci bashinsa suna tsallaken titi suna lodi. Mahaifina yana sahun gaba, kuma da shi aka ɗauki makara har maƙabarta. A hanyar dawowa ya ce da ni, "Hisabinsa yana wajen Allah, kamar nawa da naka. Amma abin da ya yi mana, mu ne shaida."

A 2024 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta sanar da hana finafinan da ke nuna daba da daudu. Na fahimci damuwar iyaye, ni ma yanzu uba ne. Sai dai cire mutum daga fim ba ya cire shi daga gari. Suna nan a bakin tashoshinmu da kasuwanninmu, mu ci abincinsu da rana, mu yi kamar ba mu san su ba in an haɗu a taro. Roƙona ga marubutanmu da daraktocinmu ba wai su yabi wata ɗabi'a ba ne. Cewa nake, duk wanda za ku saka a labari, ku saka shi da cikarsa, da aibinsa da alherinsa, yadda yaron da ya karanta ko ya kalla ba zai je ya yi abin da na yi ba.

Shi ɗalibin da ya yi tambayar, na ce ya nemi "Tamanna" ya kalla, mu haɗu a wajen mai shayi ya faɗa mini ra'ayinsa. Samirar kuwa tana nan a ɗakin Umma. Daren ƙarshe da aka kawo ta, mahaifina ya riga ya warke, sai na yi nauyin ƙafar mayarwa, shi kuma bai taɓa aiko a karɓa ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, mu ma ya yafe mana.