Watanni Huɗu a Lille: Sanyi, Kunya da Albasar Galmi

Mun ga ya dace mu ba da labarin watanninmu na farko a wata makarantar koyon kasuwanci da ke birnin Lille, a arewacin Faransa, dab da iyakar Beljiyam. Duk wanda ya tare mu, sanyi da tsadar rayuwa yake tambaya, alhali abin da ya fi gasa mu ba ya cikin waɗannan biyun.

Mu uku ne, biyu daga Maraɗi, ɗaya daga Tawa. Mun sauka a ƙarshen watan Agustan 2022, jirgin ƙasa mai sauri ya kai mu Lille daga filin jirgin saman Paris cikin kamar awa guda. Ko mako ba mu cika ba sai ga babbar kasuwar gwanjo da suke kira Braderie, wadda ke ci a farkon Satumba, kuma a shekarar ne ta dawo bayan annobar korona ta hana ta ci shekara biyu a jere. Gari ya cika maƙil, kowa ya baje tsofaffin kayansa a bakin titi, ana ciniki ana tayi kamar a kasuwar Maraɗi. A nan muka sayi tukunya da barguna, muka ce ashe ƙasar ba za ta yi mana wuya ba. Mun yi saurin yanke hukunci.

Lille da maƙwabciyarta Roubaix garuruwan masaƙu ne tun asali. Ma'aikata sun zo musu daga Beljiyam da Italiya da Fotugal, daga baya kuma daga Aljeriya da Maroko. Masaƙun sun fara rufewa tun shekarun 1970, amma jikokin ma'aikatan suna nan, shi ya sa masallaci da mahautan halal ba su yi mana wuyar samu ba. Jinin ciniki ma bai bar yankin ba: a Roubaix aka buɗe kantin Auchan na farko a 1961, a gefen Lille kuma Decathlon ya fara a 1976. Jirgin ƙarƙashin ƙasa da muke shiga kullum ba shi da direba, haka yake tafiya tun 1983. Ran Lahadi kuwa kasuwar Wazemmes muke zuwa neman kuɓewa da barkono da busasshen kifi.

Batun kuɗi gajere ne. Yuro ɗaya ya kusa sefa 656, saboda haka burodi da kifin gwangwani na yuro biyar ya haura jikka uku. Mun daina wannan lissafi ne da muka ga zai hana mu cin abinci. Doka ta yarje wa ɗalibi baƙo ya yi aikin awa 964 a shekara, sai dai karatun bai bar mana sarari ba a zangon farko.

Aji ne ya fi ba mu wahala. Mun taso a gidajen da yaro ba ya haɗa ido da malami, ba ya katse babba, ba ya musu da wanda ya fi shi sani. A can kuwa sai a ba ku labarin wani kamfani da ya shiga matsala, shafi ashirin, rabin darussan ma da Ingilishi, washegari malami ya tsaya a tsakiyar aji yana tambaya, ana ba da maki a kan yawan magana da ingancinta. Yara ƴan shekara ashirin suna ce wa malami ya yi kuskure, shi kuma yana murna. Mu da muka kwana muna karatu sai mu sunkuyar da kai, muna jiran a ba mu izini. Da sakamakon tsakiyar zango ya fito, ɗayanmu ya samu 7 bisa 20 a wannan fanni. Malamar ta kira shi ta ce ita shirunsa ba ta ɗauke shi ladabi ba, ta ɗauka bai karanta ba ne. Ranar ba wanda ya ɗora tukunya a ɗakinmu. Mun san gonar da aka sayar da shanun da aka kai kasuwa kafin mu hau jirgi.

Har yau ba mu yarda cewa kunyarmu aibi ce ba. Mun ga ɗalibai masu baki da ba sa iya sauraron kowa. Amma dole muka koyi ɗaga hannu, da yin magana kafin mu tabbata ɗari bisa ɗari, abin da har yanzu yake yi mana nauyi a harshe.

Sai aikin rukuni. Abokan karatunmu sun fi son tattaunawa da yamma a mashaya. Muka ƙi zuwa, sai muka riƙa tarar da an raba aiki an bar mana ƙashin. Da muka gaji, muka gayyace su ɗakinmu, muka dafa shinkafa da wake, muka haɗa shayi hawa uku. Daga nan aka mayar da yawancin zaman ɗakin karatu da rana. Ba komai ne ya gyaru ba: liyafofin da ake saduwa da wakilan kamfanoni, inda ake ƙulla hanyar samun gurbin gwajin aiki, da yawa sun wuce mu, kuma mun ji a jikinmu.

A ƙarshen Oktoba aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, lokacin Lille ya zama daidai da na Yamai, amma rana ta ƙi bin agogon. A Disamba ba ta fitowa sai wajen tara saura kwata, ta faɗi wajen biyar saura kwata. Azahar da La'asar da Magariba duk sukan faɗo a tsakiyar darasi. Babu ɗakin salla a ginin, sai muka gano wani lungu a ƙarƙashin matakala, muna shiga ɗaya bayan ɗaya a hutun minti goma. Ba za mu ɓoye wa iyaye ba, akwai ranakun da salla ta kuɓuce mana sai da muka koma gida. A lokacin kuma gwamnati ta nemi kada a ɗumama ɗakuna fiye da digiri 19 saboda tsadar makamashi, alwala da asuba ta zama jarrabawa mai zaman kanta.

Darasin sarrafa kuɗi ya zo da tasa damuwar, domin tun daga shafin farko lissafin kuɗin ruwa ne. Muka kai ƙorafi wajen wani limami a Roubaix. Ya ce sanin yadda abu yake aiki daban, cinsa daban, amma mu shirya domin tambayar gaske tana jiranmu ranar da banki zai yi mana tayin aiki. A bakinsa muka ji cewa Faransa ta gyara ƙa'idojin haraji a 2009 da 2010 don su karɓi murabaha da sukuk. Tambayar dai ba mu gama amsa ta ba.

Sauƙi ya fara zuwa ne ta inda ba mu zata ba. A Nuwamba aka ce kowane rukuni ya zaɓi wata haja ya bi ta daga mai samarwa zuwa mai saye. Ɗan Tawa ya yi ta maza ya ce albasar Galmi. A ɗakin karatu muka ci karo da littafin Emmanuel Grégoire na 1986 a kan Alhazan Maraɗi, muka ga kakanninmu a cikin binciken masana. Muka bayyana yadda farashi ke faɗuwa da girbi, yadda manomi ke ajiye albasa a rudu yana jiran ta yi tsada alhali wani kaso yana ruɓewa, da yadda ake loda mota zuwa Ankara da Abijan a kan bashi, ba takarda sai amana da dillali. Abokanmu suka yi ta tambayar wa zai biya idan mai karɓa ya ci amana. Muka yi kusan rabin awa muna amsawa, har ɗayanmu ya katse malami bai sani ba.

Da dare ɗan Tawa ya buga wa mahaifinsa waya yana ba shi labari. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "To, kai da na tura da kuɗin albasa ka koyo sabon abu, sai ka je kana koya wa Turawa albasa?" Ya ce: "Baba, sun ba mu 15." Tsohon ya ce a gaishe su, a kuma tambayi malamin ko ya san maganin ruɓewar. Muka ajiye waya muka jawo littafin lissafin kuɗin ruwa, domin jarrabawarsa ta rage kwana tara.