Yadda Muke Kashe Gobara a Kilomita Biyar

Daga Disamba zuwa Maris, ɗan kasuwar Kilomita Biyar a Bangui barcinsa rabi da rabi ne. Ruwan sama ya ɗauke, katakon rumfuna ya bushe ƙayau, ga kwalaben fetur jere a bakin Titin Koudoukou, ga janareto ƙofa-ƙofa, domin wutar da ake jawowa daga Boali ba ta taɓa isar birnin ba. A nan na tashi, a shagon atamfar mahaifina, kuma tun ban kai ɗaukar jarka ba na san aikin kowa idan aka yi kururuwar gobara.

Ladan ne kan fara, ta lasifikar masallaci. Kafin ya rufe baki masu amalanke sun cika jarkoki a rijiyar gida mafi kusa, samari sun yi sahu, bokiti na tafiya daga hannu zuwa hannu, yara na mayar da wanda aka juye. Mata su ke jan guga. Amma gwanayen aikin a wurina kafintoci ne. Ba sa ko kallon shagon da ya kama, wannan ya riga ya tafi. Na uku ko na huɗu gaba da shi suke hawa da guduma, su ɓamɓare kwano, su zare katako, don wuta ta iso ta tarar ba abin ci. Na ga wani Alhaji ya riƙe ƙafar kafinta yana roƙon a bar masa rufinsa. Kafintan ya ce, "Alhaji, ko ka ba ni rufin, ko ka ba wuta layin nan gaba ɗaya." Alhajin ya sake shi. Inda fetur ya zuba kuwa ba a kai ruwa, yashi ake kamfatowa da shebur. Dattawa su zauna kan kayan da aka fitar, saboda ba duk mai gudu da dila a ka ba ne ɗan taimako.

'Yan kwana-kwana na zuwa, ban hana musu haƙƙinsu ba. Sai dai daga cikin gari suke tasowa, kuma ko sun iso, motar a kan titi take tsayawa, domin lungunan kasuwa ko amalanke biyu ba sa giftawa; kowa ya ci taku ɗaya daga hanya ya ƙara wa tebur. Tankin ya ƙare, su juya neman ruwa, mu koma ga bokitinmu.

Bayan 5 ga Disamba 2013, da mayaƙan sa kai na Anti-balaka suka auka wa Bangui, unguwar ta zama kamar kurkuku, shiga da fita sai da sayar da rai. Mun ɗan numfasa ranar 30 ga Nuwamba 2015 da Fafaroma Francis ya zo babban masallacinmu. To amma samarin da suka ɗauki bindiga da sunan kare mu sai suka koma karɓar haraji shago-shago. A ƙarshen Disamba 2019 'yan kasuwa suka ce ya isa. Aka gwabza, mutum fiye da 30 suka rasu, shaguna 40 zuwa 50 suka ƙone.

Wannan ce gobarar da na ga sahun bokiti bai haɗu ba. Rijiya na nan, jarkoki na nan, amma wa zai tsaya a fili harsashi na wucewa? Muna laɓe bayan katanga muna jin ƙarar kwano yana lanƙwashewa da ƙaurin roba da atamfa. Masu aikin sa kai na hukumar kare farar hula ne suka kutsa, suka kashe wuta biyu da ke bin kasuwa, wasu gidaje kuma dole suka bar su saboda ruwan harsashi. Allah ya saka musu da alheri.

An sake gina shagunan, da katako da kwano irin na da, lungunan kuma ba su ƙara faɗi ba. Shugabannin kasuwa, ku da kuke tara kuɗin masu gadi duk wata, ku ware wani abu a ajiye tankin ruwa da duron yashi a bakin kowane layi, a kuma janye teburan da suka toshe hanya kafin rani ya shigo.