Minsharin da muke yi wa dariya a Gariki

Wallahi ban taɓa kawowa a raina cewa minshari na da hannu a kurumta ba, sai ranar da wani dillalin shanu da muke kwana ɗaki ɗaya a Gariki, Enugu, ya tashi da asuba yana cusa yatsa a kunnen hagu. "Malam, an kira sallah kuwa? Ni ta wannan gefen ban ji komai ba." Sai wata ƙara siririya da ba ta tsayawa yake ji.

Kowa ya san minsharin Alhajin nan. Ya ja, ya ja, sai ɗif, kamar janareta ya mutu, can sai ya fizgo numfashi da kakari. Mu dai dariya muke yi. Da rana ya yi ta gyangyaɗi ana tsakar ciniki.

Game da kunnen kuwa, wani ya ce datti ne, a ɗiga man zaitun, wani ya ce iska ce. Da muka kai shi asibiti, likita ya leƙa kunnen, tas yake. Sai ya waiwayo: "Yana minshari? Numfashinsa na ɗaukewa?" Na ji gabana ya faɗi!

Ashe maƙogwaro ne ke rufewa a barci, daƙiƙa 10 ko fiye, ga wasu sau 30 a awa ɗaya, iskar jini ta yi ƙasa. Can cikin kunne kuwa jijiyar jini ɗaya ce ƙwal ke ciyar da wurin ji, ba ta da mataimakiya. A 2012 masu bincike a Taiwan sun duba mutum 3,192 da jinsu ya ɗauke farat ɗaya, suka ga yiwuwar a sami wannan ciwon barci a tarihin mazan ta fi ta sauran maza da kusan kashi 48 cikin 100. A mata ba a ga haka ba. Alaƙa suka gano, ba hujjar cewa shi ne sanadi ba, amma ni ta ishe ni tsoro, idan na tuna 'yan'uwa masu teɓa da hawan jini da ke kwana a shaguna a Anacha da Fatakwal.

Maganin kumburi da ake bayarwa idan ji ya ɗauke farat ɗaya ya fi aiki cikin mako 2 na farko, don haka man zaitun ɓata lokaci ne. Likitan ya koya mana gwaji: ka rufe baki ka yi "mmm". In ka fi jin sautin a kunnen da ya toshe, galibi datti ne ko ruwa. In ya koma lafiyayyen kunnen, ranar nan ka nemi likitan kunne.