Amana a cikin buhun tattasai

Duk wanda ya bi gaɓar Komadugu da hunturu, daga Maine-Soroa zuwa Geskeru har Boso, zai ga tattasai shimfiɗe a ƙasa ana shanya, ja wur kamar garwashi. Kogin nan, da ke samun ruwansa daga Haɗeja da Jama'are, shi ne iyakar Nijar da Nijeriya a wannan yanki, kuma a bakinsa ne manoma, galibinsu Barebari, ke noman abin da ake yi wa kirari da jan zinariya. Mafi yawansa Nijeriya yake tafiya, kuma da naira ake cinikinsa.

Busasshen tattasai yana da wani hali: da zarar an ɗinke buhu, ba mai ganin cikinsa. Ana iya ɗora mai kyau a baki, a cusa mai danshi ko wanda ya yi baƙi a tsakiya. Saboda haka mai saye a Maiduguri maganar mutane yake saye kafin ya sayi kaya. Mutanen kuwa suna da yawa: yaron da aka aika ƙauye da kuɗi a lalita, da mai awo, da dillalin kasuwar Talata a Diffa, da ƴan dako, da direba, da wanda zai karɓi kaya a can ƙetare. Babu takardar yarjejeniya tsakaninsu ko ɗaya.

A gidan kawuna na ga yadda ake riƙe irin wannan ayari. Yaransa ba su fi na kowa tsoron Allah ba, shi ma ba waliyyi ba ne. Yana da faɗa, kuma hannunsa ba ya saurin shiga aljihu. Amma akwai abin da ya ƙi yi: bai taɓa hukunta wanda ya kawo masa mummunan labari ba. In yaro ya zo ya durƙusa ya ce, "Alhaji, buhu goma sun sha ruwa a hanya," sai ya ce, "Madalla da ka faɗa, a ware su." Asarar tasa ce, ba ya cire ta daga rabon yaro. Wani maƙwabcinsa a kasuwa yana ganin wannan sakarci ne, shi kam duk buhun da ya lalace a wuyan yaro yake. Ba a daɗe ba yaransa suka koyi binne jiƙaƙƙen buhu a tsakiyar lodi. Alhajin bai ga asara a Diffa ba, amma masu saye a Maiduguri sun gani, suka riƙa farke kayansa buhu-buhu kafin su taya, na kawu kuwa a kan mota ake sallama shi.

Sai kuma lissafi. Ranar Talata bayan la'asar akan shimfiɗa tabarma, a karanta komai da ƙarfi kowa yana ji: nawa aka saya a gona, nawa aka sayar, la'adar dillali, kuɗin mota, da yadda aka canja naira zuwa sefa. Wannan na ƙarshe shi ne kafar da zargi ya fi shigowa, don farashin canji yakan motsa tsakanin safe da yamma, kuma yaron da ya riƙe kuɗi shi kaɗai ya san lokacin da ya canja. Da yake a gaban jama'a ake faɗa, ba a barin abin tsegumi. Haka nan ba ya aika yara biyu ƙauye ɗaya, gudun kada su yi ta ƙara wa juna farashi don neman suna. A nan ne nake saɓawa da kamfanonin zamani masu ba da kyauta ga wanda ya fi kowa sayarwa a wata. Abin da nake gani shi ne ƴan gida ɗaya suna ƙwace wa juna masu ciniki.

Wannan tsari ba sabo ba ne a fataucin Hausa. Abner Cohen, a binciken da ya wallafa a 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu da goro ke gudana bisa bashi, maigida yana tsaya wa baƙon falke da sunansa, yaransa kuma suna cin tuwonsa ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Tuwon nan ne aka jarraba a 2015. Ranar 6 ga Fabrairu Boko Haram ta kai hari Boso da Diffa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifi da tattasai bisa hujjar cewa kuɗinsu na kaiwa ga maharan. Ƙauyuka da dama na bakin kogi suka watse, mutanensu suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya. Sai a Oktoba 2017 aka ɗage haramcin tattasai. A tsakanin nan kawu ya sayar da mota ɗaya, ya ci gaba da aika wa gidajen yaransa gero, ko da tiya biyu ce. Manoman da ya bai wa kuɗin mai da taki kafin rikici kuwa bai aika musu kowa ba, don ya san inda suke kwana.

Da kasuwa ta buɗe, cikin yaransa shida huɗu suka dawo. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya koma Damagaram yana sayar da kayan waya. Wani dattijo daga wajen Geskeru, wanda aka riga aka soke sunansa a littafin bashi, ya iso wata Talata da buhu uku a kan amalanke, ya ce saura biyar sai baɗi in ruwa ya zo.